Djibo Bakary, Jagoran Sawaba: Rayuwar Mutumin Da Aka Hana Wa Taro Da Jarida

A filinmu na tarihin magabata, yau mun ɗauko wani suna da tsofaffinmu suka sani sarai, amma da yawa cikinsu sun yi shekara da shekaru ba su iya faɗinsa da ƙarfi ko a zauren gidansu. Sunan shi ne Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa, kuma ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci gwamnati a Nijar.

Abin da ya sa muka ɗauko shi, rayuwarsa kusan dukanta ta rataya ne a kan tambayoyi biyu da har yau ba su bar mu ba. Talaka na da ikon taruwa ya kai kukansa ƙofar hukuma? Kuma mai alƙalami ko mai magana a rediyo na da ikon faɗin abin da ya gani? Duk lokacin da doka ta buɗe waɗanga ƙofofi biyu, wanga bawan Allah ya yi sama. Duk lokacin da ta rufe su, ya tsinci kansa a gudun hijira ko a gidan kaso, kuma ƙasa gaba ɗaya ta ɗanɗana kuɗarta.

Yaron Sudure da ya tashi a Tawa

An haifi Djibo Bakary a 1922 a Sudure, wani ƙauye na bakin kogin Isa kusa da Yamai. A wannan ƙauyen ne aka haifi Diori Hamani a 1916, kuma su biyun 'yan uwan juna ne. Ku riƙe wannan, don zai dawo a gaba. Djibo Bazabarme ne, amma tun yana ƙarami aka kai shi Tawa wurin dangi, can ya shiga lakwal, can kuma Hausa ta zauna a bakinsa. Hausar nan ita ce ta buɗe masa kasuwanni da zaurukan Adar, Gobir, Katsinar Maraɗi da Damagaram daga baya.

Da ya yi ƙoƙari a karatu, sai aka tura shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Ya dawo gida da aikin mushe, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas.

To, wane irin zamani ne ya tarar? Zamanin dokar da Turawa ke kira indigénat ne. A ƙarƙashinta kwamanda na iya kulle mutum na kwanaki ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Ana kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin dole. Ɗan ƙasa ba shi da ikon kafa ƙungiya, ba shi da ikon kiran taro, ba shi da ikon buga jarida yadda ya ga dama. Mutum na zuwa bariki ne in an kira shi, ya cire hula ko takalmi, ya tsaya nesa. Taruwa a ƙofar ofishin kwamanda don kai ƙorafi kuwa, ai neman fitina ne da ido biyu.

Ƙofar da ta buɗe a 1946

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka ɗan sassauta. A 1946 aka soke aikin dole, aka soke indigénat, aka kuma ba mutanen ƙasashen mallaka izinin taro da na kafa ƙungiyoyi. A shekarar ne aka kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar, PPN, wadda ta haɗe da babbar ƙungiyar RDA ta Afirka. Djibo ya shige ta, kuma ba a daɗe ba ya zama babban sakatarenta. Ya bar alli ya koma siyasa gaba ɗaya.

Sai dai abin da ke kan takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Gwamnan lokacin, Jean Toby, bai ƙaunar RDA. Ma'aikacin da aka gani yana yawan zuwa taronta, sai a yi masa canjin wurin aiki zuwa can nesa, ko a kore shi. A 1948 aka kafa wata jam'iyya, UNIS, a Maraɗi, da goyon bayan hukuma da manyan sarakuna, don ta sha gaban PPN. Kun ji dabara ta farko: ba a ce an soke 'yancin taro ba, an dai sa wanda ya je taron ya rasa abincinsa.

A 1950 shugabannin RDA suka yanke shawarar raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, su sasanta da Turawan mulki. Diori Hamani da Boubou Hama suka bi wannan hanyar. Djibo ya ƙi. Daga nan hanyarsa da ta ɗan uwansa ta rabu, rabuwar da ba ta sake haɗuwa ba.

Daga lambu zuwa sandika

Da ya fita daga PPN, ba shi da albashi ba shi da kujera. Ya koma aikin lambu a gefen Yamai, kuma daga nan ya shiga haɗa kan ma'aikata a cikin sandika. Mutanen da ya tara ba manyan 'yan boko ba ne. Lebura ne, da direbobi da yaransu, da masu dafa wa Turawa abinci, da magina, da teloli, da ƙananan 'yan kasuwa, da ma'aikatan gidan waya. A Disamba 1952 Faransa ta fitar da dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mulka, kuma a 1953 ma'aikata suka yi yajin aiki don a aiwatar da ita. Sunan Djibo ya fito fili a wannan gwagwarmaya.

A 1954 ya kafa tasa jam'iyya, UDN. Tana da jaridarta mai suna Le Démocrate, sandikan ma'aikata kuma yana da tasa mai suna Talaka. Kada ku ɗauka irin manyan jaridun yau ne. 'Yan shafuka ne, kuma masu iya karatun boko a ƙasar ba su da yawa. Amma takarda guda kan isa gari a aljihun direba, mai karatu ɗaya ya karanta wa mutum ashirin a tasha ko a gindin itace, ya fassara masu da Hausa ko Zabarmanci. Abin da ake rubutawa shi ne abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya: haraji, kuɗin gyaɗa, zaluncin wasu masu sarauta, albashin lebura.

A wuraren taronsu jama'a kan ɗaga murya da kalmar sawaba, wato sauƙi bayan wuya, har kalmar ta zama sunan jam'iyyar a bakin kowa. A ƙetaren iyaka, jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano a 1950, ita ma da wannan kalmar take kirari, kuma daga nan ne Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta samo laƙabinta. Alamar Sawaba ta Nijar raƙumi ce, ta RDA kuwa giwa. Tsofaffi har yau kan ce wane ɗan raƙumi ne, wane ɗan giwa ne.

Shekara biyu a kan mulki

A 1956 Faransa ta fitar da dokar da ta ba kowane baligi, mace da namiji, ikon jefa ƙuri'a, ta kuma yarda a kafa ƙananan gwamnatoci na 'yan ƙasa. Djibo ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA ta su Georges Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye na gidan sarautar Dosso. A Nuwamba 1956 ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen 31 ga Maris 1957 ƙawancen ya samu kujeru 41 cikin 60 na majalisa, kuma a watan Mayu Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Bature na bisa kansa. A Yuli 1958 aka mayar da shi shugabanta.

Nan ya kamata mu faɗi gaskiya duka. Gwamnatin Djibo ba ta mala'iku ba ce. Ta tuɓe wasu sarakuna, abin da ya faranta ran talakawa da yawa, ya kuma tsorata sauran masu rawani. 'Yan adawar RDA sun yi kukan ana matsa masu. A Afrilu 1958 an yi mummunan faɗa a titunan Yamai tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu, an zubar da jini. Wato tun kafin a kai ga dokokin hani, 'yan siyasar sun riga sun fara ganin taron abokin hamayya a matsayin abin da za a tarwatsa.

Ƙuri'ar 1958

Da Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya kawo ƙuri'ar raba gardama: ko ƙasa ta ce i, ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko ta ce a'a, ta karɓi 'yancinta nan take. A Yuli 1958, a babban taron jam'iyyar PRA da aka yi a Kwatano, an nemi 'yanci ba tare da jinkiri ba, kuma Djibo na cikin manyan masu wannan ra'ayi. Sawaba ta kira jama'a su ce a'a.

Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba. Tana yaƙi a Aljeriya, wadda ke iyaka da mu ta arewa. An gano ma'adinin uraniyom a Azelik a 1957. Ga kuma tsoron kada ƙasar ta karkata zuwa Najeriya. Sai aka canza gwamna, aka kawo Don-Jean Colombani ana saura 'yan makonni a yi ƙuri'a. Aka shigo da ƙarin sojoji. Aka zagaya wurin sarakuna, da yawansu suka juya wa Djibo baya, har da abokan ƙawancensa na jiya. Hukuma da kanta ta shiga yaƙin neman i, tarukan masu a'a kuwa suka riƙa gamuwa da cikas.

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu i kusan kashi 78 cikin 100, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Gine ta Sékou Touré kaɗai ta ce a'a. A Oktoba gwamnatin Djibo ta sauka, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama shugaban majalisa. 'Yan kujerun da Sawaba ta samu, daga baya aka soke su, majalisa ta koma ta ɓangare guda.

Shekarar da aka rufe ƙofofi

Shekarar 1959 ita ce zuciyar wanga tarihi. A cikinta sabuwar gwamnati ta fitar da dokoki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda ta ba ta ikon rushe duk jam'iyya ko ƙungiyar da ta ga tana barazana ga zaman lafiyar jama'a. Akwai dokar aikin jarida ta watan Yuli 1959, wadda sunanta na 'yanci ne amma ta tanadi hukunci kan rubutun da hukuma ta ɗauka cin mutunci ne ko tunzura jama'a. Tarukan Sawaba aka riƙa hana su, jaridunta suka daina fitowa a fili, aka kama manyanta da dama. Ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya, lokacin Djibo na wajen ƙasa. Bai sake taka ƙasar Nijar ba sai bayan shekara 15. Ranar 3 ga Agusta 1960, da aka ɗaga tutar 'yancin kai, mutumin da ya fi kowa gaggawar neman wannan rana yana gudun hijira.

Jama'a, mu lura da yadda irin waɗanga dokoki ke aiki, don salonsu bai cika canzawa ba. Da wuya ka ga doka ta ce an hana magana. Sai dai ta ce a nemi izini, kuma wanda za a nemi izinin wurinsa shi ne wanda ake so a yi kuka da shi. Sai ta kawo kalma mai faɗi, kamar tada zaune tsaye, wadda ba wanda ya san iyakarta sai mai riƙe da sanda. Sannan ta nesanta jama'a da ƙofar ofis, alhali mai kuka ba daji yake so ya ji shi ba, mai hukunci yake so ya ji shi.

Daga nan har 1974 jam'iyya ɗaya ce ke motsi a ƙasa. Jaridar kullum, Le Temps du Niger, ta gwamnati ce. Radio Niger, da aka buɗe a 1958, ita ma ta gwamnati ce. A 1962 an kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo a ƙauyuka, inda manoma da makiyaya ke tattauna noma, kiwo da lafiya, kuma sun yi amfani ƙwarai, amma a ƙarƙashin idon hukuma suke. Mai son jin wata murya dabam sai ya murɗa akwatinsa zuwa tashoshin waje masu Hausa, kamar BBC da ta fara Hausa a 1957, ko ya jira abin da fatake da direbobi za su shigo da shi daga Kano ko Dahome, wato Benin ta yau.

Da magana ta koma bindiga

Djibo ya zauna Bamako, daga baya ya koma Akara, wurin Kwame Nkrumah. 'Yan Sawaba da yawa suka bi shi, wasu suka fake a Kano cikin 'yan NEPU. Iyakokin Dahome da Najeriya, har da wanga yanki namu na Gaya, sun zama hanyar ficewa da ta shigo da saƙo a ɓoye. An tura matasa karatu ƙasashen gabashin Turai, an kuma tura wasu koyon aikin soja a Sin, Biyetnam ta Arewa, Aljeriya da Gana. Jam'iyyar da ta ci zaɓe da ƙuri'a a 1957 ta yanke shawarar dawowa da makami.

A Satumba da Oktoba 1964 ƙananan rukunoni na mayaƙan Sawaba suka tsallako ta iyakokin kudu da yamma. Sun zaci jama'a za su tashi tare da su. Abin bai yiwu ba. Gwamnati, da taimakon Faransa, ta riga ta samu labari, ta sa sojoji, jandarmomi, 'yan sa-kan jam'iyya da mutanen ƙauyuka farautarsu. An kashe wasu a daji, an kama da yawa. A Oktoba 1964 an harbe mutum huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin sallar layya a Yamai, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti don kashe Diori Hamani. Shugaban ya tsira, amma an rasa ran wani yaro, wasu suka ji rauni. Kame ya ƙaru. Ɗaruruwan mutane suka shiga kaso, har da gidajen kaso na can cikin hamada, kuma akwai waɗanda ba su fito da rai ba.

Ba mu zo wanke kowa ba. Ɗaukar makami shawara ce da Djibo da abokansa suka yanke, kuma ta jawo mutuwar matasan da suka amince da su, ta jawo wahala ga iyalan da ba su ji ba ba su gani ba. Amma wanda ya duba jerin shekarun zai ga abin da ya riga wani. An rufe filin taro da jarida a 1959, bindiga ta zo a 1964. Dokar da aka ce an yi ta don kiyaye zaman lafiya ba ta kiyaye shi ba. A ƙauyukan iyaka irin namu, abin da ya biyo baya shi ne zargi tsakanin maƙwabta, da tsoron baƙo, da shirun da ya kai wasu dattawa har kabari.

Dawowa gida, komawa kaso

A Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah, Djibo ya koma Gine. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani. Aka saki fursunonin siyasa, aka bar 'yan gudun hijira su dawo, Djibo ma ya dawo a shekarar, bisa sharaɗin ba ruwansa da siyasa. Sojoji sun rushe majalisa, sun hana jam'iyyu duka. Jaridar gwamnati ta koma Le Sahel, rediyo ta koma Muryar Sahel, amma dai murya ɗaya ce.

A Agusta 1975 aka kama shi, tare da Sani Souna Sido, mutum na biyu a gwamnatin sojan, bisa zargin shirya juyin mulki. Abdoulaye Mamani, tsohon ɗan Sawaba kuma marubuci, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarraounia a kan sarauniyar Lugu ta nan jiharmu ta Dosso, shi ma ya sha ɗauri a zamanin. To, ku dubi ikon Allah. 'Ya'yan Sudure biyu, wanda ya haramta jam'iyya da wanda aka haramta wa, duka suna tsare a lokaci guda, a hannun gwamnatin da ba ta kai ko ɗayansu gaban alƙali a fili ba. Makaman hani da aka ƙera a 1959 sun canza hannu, sun sari wanda ya ƙera su. Sai cikin shekarun 1980 suka samu sakewa. Diori ya rasu a Maroko a 1989.

Ya ga ƙofa ta sake buɗewa

Kountché ya rasu a Nuwamba 1987, Kanar Ali Saïbou ya gaje shi, ya sassauta. Amma jama'a ne suka tura ƙofar da hannunsu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito jerin gwano daga jami'a za su tsallaka gadar Kennedy zuwa cikin birnin Yamai, inda ofisoshin gwamnati suke. Aka buɗe masu wuta, uku suka rasu. A Mayu 1990 jaridar Haské ta Ibrahim Cheick Diop ta fito, jarida mai zaman kanta ta farko a wannan sabon zamani. A Nuwamba aka amince da jam'iyyu da yawa. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi tattaki har ofishin firaminista, don mace ɗaya tal aka saka cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Sun isa ƙofar, an saurare su, an ƙara masu kujeru, kuma ranar ce ta zama ranar matan Nijar. Ku gwada waɗanga ranaku biyu: a ɗaya an tare hanya, aka samu gawa, a ɗayar an bar mutane sun isa, aka samu mafita.

Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Sawaba ta dawo fili bayan shekara fiye da 30, sai dai ta dawo a rabe, kuma zamani ya wuce ta. A 1992 Djibo ya fitar da littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 1993 ya tsaya takara yana da shekara 70 da 'yan kai, ya samu ƙasa da kashi 2 cikin 100. Matasan da suka yi layin zaɓe ran nan, da yawansu ba su taɓa jin tarihinsa a lakwal ko a rediyo ba. Wannan ma aikin dokar hani ne: tana shafe mutum daga tunanin 'yan baya. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Yau gadar Farié da ke kan kogin Isa na ɗauke da sunansa.

Abin da ya rage mana

Bayan rasuwarsa dokokin sun ci gaba da kai da komo. A 2004 an yi dokar zanga-zanga a kan titi, wadda ta ce masu shirya ta su sanar da hukuma kwanaki kafin ranar, ta kuma ba hukuma ikon hanawa in ta ga barazana ga zaman lafiya. A Yamai yawancin jerin gwano kan ƙare ne a dandalin da ke gaban majalisar dokoki, kuma an sha hana su. A Yuni 2010 an soke ɗauri kan laifukan aikin jarida. A 2019 an yi dokar laifukan intanet mai ɗauke da ɗauri, a 2022 an cire ɗaurin kan ɓata suna da zagi, a Yuni 2024 an maido shi. Wannan ta shafi har mai tura saƙo a WhatsApp ko Facebook daga ƙauye ko daga ƙetare, don haka 'yan uwa a tantance labari kafin a tura.

Ba mu ce ƙasa ta zauna babu doka ba. Mai ƙarya da mai tunzura ƙabila kan ƙabila dole a taka masu birki, kuma hukuma na da haƙƙin kare ofisoshinta da ma'aikatanta. Abin da rayuwar Djibo Bakary ke nuna mana shi ne a riƙa tambayar kowace irin wannan doka: in ta hana ni nan, ina ta bar mini in kai kukana? Manomin da aka cinye wa gona, makiyayin da aka toshe wa burtali, matan da rijiyarsu ta lalace, 'yan kasuwar da rufe iyaka ya karya, duka suna buƙatar ƙofar da za su tsaya a gabanta cikin ladabi a saurare su, ko ta magajin gari, ko ta hakimi, ko ta wanga gidan rediyo. Mai mulkin da ya bar ƙofar a buɗe, shi ne ke fara jin labarin ɓaraka tun tana ƙarama.

Muna roƙon dattawanmu da suka ga zamanin raƙumi da giwa, ko wane ɓangare suka bi, su zaunar da jikoki su ba su labari yadda ya faru. Waɗanda suka rasu a wancan rikici ta kowane gefe, da Djibo Bakary, da Diori Hamani, Allah ya jiƙansu ya gafarta masu kurakuransu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa a fili na gaba.